Gidan da Ba a Sa wa Lamba Ba

Ƙarshen damina ne, lokacin da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba, sauro ya yi yawa, zafi kuma ya dawo da nauyi kamar an rufa wa mutum jiƙaƙƙen bargo. Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba tun farkonta. Ruwa ya cinye gindin katangu, ɗakin makwabta biyu ya zube, kuma tun kafin azumi ake ta raɗe-raɗin cewa hukuma za ta tsara unguwarmu, ta fitar da tituna. Wanda aka ƙidaya za a ba shi fili da takarda, wanda ba a ƙidaya ba za a tashe shi. Kowa ya ji, kowa ya yi kamar bai ji ba. Mata suna zancen a bakin tandar kisra, wainar dawa marar kauri ta mutanen nan, da murya ƙasa-ƙasa, in namiji ya gifta su koma zancen tsadar gawayi.

Unguwar tana can yamma da Umdurman, garin da ke tsallaken kogi daga Khartum, bayan Kasuwar Libiya, duk ginin laka ne. Ban san ko akwai wanda ya rage da zai tuna yadda safiyarta take ba. Kafin rana ta fito za ka ji mai karon ruwa, wato amalanken jaki, yana buga ganga da sanda, jakinsa yana amsa masa, daga nan sai turame su ɗauka gida-gida, kowace mace da irin bugunta, har ina iya gane wadda ta makara. Aikina suyar gyaɗa ce a cikin yashi. Sautin ludayi a ƙasan kasko, shuu, shuu, shi ne sautin ƙuruciyata gaba ɗaya. Innarmu ta rasu ina da shekara tara, don haka ni na riƙe gida, ban ga ƙofar aji ba sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga yaƙi da jahilci. Yanzu a inda nake zaune safiya shiru take. Tun da muka dawo bayan yaƙin da aka yi a ƙasar nan muka tarar da gida babu ƙofa babu taga, ban ƙara jin turmi ba. Kowa ya sunkuyar da kai a kan waya, yaran kuma in ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci.

'Yata ce ta tono mini wannan duka. Tana ajin ƙarshe na sakandare, ta girmi ajin saboda shekarun da yaƙi ya cinye mata, kuma cikin abin da suke karantawa akwai kanun, wato doka. Ran nan tana bita a tsakar gida ina tankaɗe, sai na ji ta ce ƙasar da ba a rubuta ta da sunan kowa ba, ta hukuma ce. Na ajiye rariya. Na taɓa jin wannan magana, kalma bayan kalma, daga bakin ƙanwata, a wani tsakar gida da yau titi ne.

Ƙanwata ita ce auta, mu biyu kaɗai Allah ya bar wa Baba. Ita ta yi makaranta, ni na soya gyaɗar da ta kai ta, kuma ban taɓa jin ciwon haka ba. A shekara biyun ƙarshe aka kawo musu wani ustaz, wato malamin aji, wanda ya karanta kanun, yana koya musu. Yarinya ta kamu da abin kamar zazzaɓi. Kazar makwabta ta shigo ta ci mana gero, sai ta tsaya ta gaya mana sunan laifin da Larabci da wanda zai biya. Aka yi faɗa a layin ruwa, ita ce mai tambayar wa ya gani da idonsa, wa ya ji a bakin wani. Unguwa ta sa mata Alƙaliya. Baba ma haka yake kiranta, yana dariya: "Alƙaliya, a yi mana sassauci, a ɗaga shari'ar nan, shayi zai huce." Yana alfahari da ita ƙwarai. A rumfarsa ta turare da carbi a gefen kasuwa babu wanda bai san yana da 'yar da za ta shiga jami'a ba.

Sai dai dole in faɗi yadda Baba yake, in ba haka ba mai karatu zai ɗauka wauta ce kawai. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, can kudu da Khartum, ya tsaya noman auduga don ya tara na gaba, ya yi shekara talatin yana tarawa, a nan aka binne shi. Da zai cika ya kama hannun Baba ya ce masa ya ɗora daga inda ya tsaya. Baba ya ɗauki wannan niyya kamar yadda ake ɗaukar jinjiri. Bai taɓa cewa gidana ba, sai masaukina. Bai shuka ko dogonyaro ɗaya a tsakar gida ba, bai yarda a sa jan bulo a gini ba, yana cewa baƙo raɓa ne, ba ya kafa turke. Ba shi kaɗai ba, dattawan unguwarmu da yawa haka suke, ko da an haife su a nan, ko da ba su taɓa ganin bahar ba, tekun da ake hayewa zuwa Makka. Kuma tun muna ƙanana aka koya mana amsa guda, kamar yadda ake koya wa yaro sunan ubansa. In baƙo ya tambaye ki ku 'yan ina ne, ki ce: mu masu wucewa ne, hanyar Makka muke.

Wata la'asar Auta ta dawo daga makaranta ba ta ko cire takalmi ba, ta durƙusa gaban Baba da littafinta a buɗe. Ta ce ta tambayi ustaz game da unguwarmu. Lajna za ta zo, wato kwamitin ƙidaya, za su bi gida-gida su tambayi sunan mai gida, da shekarun da ya yi a wurin, da ko yana da wani mazauni. Wanda suka rubuta shi mazauni za su sa wa ƙofarsa lamba, lambar nan ita ce fili.

Baba ya ce, "Me za su rubuta a kaina, kika ce?"

"Mazauni, Baba."

"Ni ba mazauni ba ne."

"Baba, shekara ashirin da uku fa. A ɗakin can aka yanke mini cibi."

"Ko ɗari ce. Kakanku talatin ya yi a Jazira bai kwance niyya ba. In na ce a rubuta na zauna, ai na gaya wa Ubangiji na fasa ke nan."

"Takardar hukuma ce, Baba, ba ta mala'iku ba."

"To su mala'ikun ba su iya karatu ba ne?"

Ya yi dariya, ni ma na yi daga bakin murhu. Ita ba ta yi ba. A nan ta karanta masa maganar nan ta ƙasar da ba a rubuta da sunan kowa ba. Baba ya ce shi ya sayi wurin nan a gaban dattawa huɗu aka shafa Fatiha. Ta ce huɗun ina suke? Uku sun mutu, ɗaya ya makance. Ta ce a wurin kanun abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi ba ne. Sai Baba ya daina dariya. Ya ce da ita a hankali, don bai iya ɗaga murya ba, "Na kai ki makaranta ki san duniya, ban kai ki don ki koya mini yadda zan tsaya gaban Allah ba." Ya ɗauki buta ya fita.

Bayan kwana biyu muna ɓarar gyaɗa ta matso kusa da ni. Ta ce, "Yaya, da hantsi za su zo. Ina makaranta, Baba yana kasuwa, ke za su tarar." Ta miƙo mini takarda a ninke huɗu. "Ba sai kin ce komai ba. Ki miƙa musu kawai, ki koma kan kaskonki." Na ce Baba fa? Ta ce, "Baba zai yi fushi a ƙarƙashin rufi. Ya fi ya yi murna a fili." Na karɓa na ɗaure ta a bakin mayafina, na ce to. Wallahi da zuciya ɗaya na ce to. Kwana goma sha ɗaya ina yawo da ita, in zan yi wanki in kwance ta in sa a ƙarƙashin tukunya.

Ran da suka zo ina tsakiyar suya. Na ji hayaniya a lungu, sannan aka buga ƙofa. Mutum uku ne, ɗaya da babban littafi, ɗaya da gwangwanin fenti da buroshi, na ukun kuma Baffa ne, aminin Baba, wanda suke sahu ɗaya a masallaci tun kafin a haife ni. Shi lajna ta ɗauka yana nuna musu gidaje. Da na gan shi sai na ji takardar ta yi nauyi a bakin mayafi kamar dutse. Wannan mutumin shi ya yi wa Inna sallar jana'iza. Duk abin da na yi a gabansa, kafin azahar yana kunnen Baba, ya ji cewa 'yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ni, ta ƙaryata shi a ƙofar masaukinsa.

Mai littafin ya tambayi sunan mai gida, na faɗa. Ya ce tun yaushe kuke zaune a nan?

Hannuna yana kan ƙullin. Na kalli Baffa, yana jan carbi yana kallon ƙasa. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa, ya faɗi abin da ya saba faɗa tun ina 'yar shekara huɗu. Na ce mu masu wucewa ne, hanyar Makka muke.

Mai fentin ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Masu wucewa da turmi da kaji?" Amma mai littafin bai yi dariya ba. Dattijo ne mai furfura a gefen kunne, har yau ina ganin fuskarsa. Ya sauke alƙalami ya ce da ni, "Ya bitti, ya 'yata, ki yi tunani da kyau. Abin da kika faɗa shi zan rubuta. Zaune kuke ko wucewa kuke?" Bai cuce ni ba, ina so a san wannan. Ya ba ni ƙofa ta biyu, ya tsaya yana jira. Gyaɗa tana ƙonewa a bayana, ina jin ƙaurinta. Na ce yadda na faɗa haka ne. Ya rubuta wani abu gajere, suka wuce gida na gaba. Mai fentin bai tsoma buroshi ba.

Da na fito zubar da ƙonanniyar gyaɗa na bi lungu da ido. Kowace ƙofa da jar lamba tana sheƙi, fenti yana tsiyaya. Na taka har kwana, ban san me ya kai ni ba. Ƙofar Baffa ma da lambarta. Daga baya matarsa ta gaya mini da bakinsa ya ce musu shekara ashirin da biyar, har ya kawo shaidu. Mutumin da na ji kunyarsa ya riga ya gyara nasa tun da safe, ya tsaya a gefena yana jan carbi bai ce mini uffan ba.

Auta ta dawo tana tafe tana karanta lambobi, ina hango ta daga ƙofa. Ta zo tamu ta tsaya. Ta shafa katakon da tafin hannu kamar ko lambar ta ɓuya.

"Ba su iso nan ba?"

"Sun iso."

"Ina takardar?"

Na kwance ƙullin na miƙa mata. Ta jiƙe da gumi, gefenta ya yi laushi. Ta daɗe tana kallonta. Na so ta zage ni, na so ta mare ni, da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi kawai, "Yaya, ai ban ce ki yi magana ba." Ta sake ta a ƙasa ta shige ɗaki. Na ɗauka na ɓoye. Sai bayan shekaru masu yawa, a wata na biyar da shigata yaƙi da jahilci, na zauna na haɗa baƙaƙen da kaina. Layi huɗu ne. Sunan Baba, shekarun da muka yi, sunayen makwabta biyu da za su shaida, da cewa ba mu da wani wuri a duniya sai nan.

Baba da ya ji yadda aka yi ya sa mini albarka. Ya dafa kaina ya ce, "Uwata ba ta ba ni kunya ba." Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini ɗaci irin wannan ba.

Auta ba ta haƙura ba. Ustaz ya gaya mata kanun ya bar ƙofar ƙorafi na 'yan makonni. Ta fara tsallake darasi a shekarar da ba a tsallake darasi, tana shiga mota biyu zuwa Khartum, daga wannan taga a tura ta waccan, ta dawo da yamma leɓɓanta sun bushe. Ita ta rubuta ƙorafin da hannunta, ustaz ya duba ya ce ko lauya iyakar abin da zai rubuta ke nan. Ta samu shaidu biyu. Abu ɗaya ya rage, dangwalen yatsan mai gida. Sau uku tana kai wa Baba, sau uku yana cewa a ba shi ruwa ya sha, zancen ya mutu.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, Baba yana ƙailula a ƙarƙashin rumfa, hannunsa na dama ya sauko daga kan gado yana lilo. Barcinsa nauyi gare shi, ko turmi ba ya tashinsa. Na ja Auta bayan ɗaki na ce ta kawo tawadar, ni zan riƙe hannun, ita ta danna. Ni da na kasa miƙa takarda, yau ni ce mai wannan dabara.

Ta ce, "Wannan jabu ne, Yaya. Mun karanta shi. Yatsan mai barci ba yardarsa ba ce."

"Yatsansa ne ko ba nasa ba?"

"Nasa ne. Amma bai ba da shi ba."

"To wa zai sani?"

"Ni."

Na ce da ita, kuma wannan ce magana mafi zafi da na taɓa gaya mata, "Ke da Baba duk ɗaya ne. Shi da mala'ikunsa, ke da ustazinki. Ni da zan kwashe tukwane a ka babu mai tunawa da ni." Ta yi kuka, na yi kuka, a hankali don kada mu tashe shi. Ta ce in aka fara da yatsan mai barci, to littafin nan nata gara ta sa shi a murhuna. Na sha juya wannan rana a raina. Har yau ban san wadda ta yi daidai a cikinmu ba, abin da na sani shi ne wa'adi ya cika takarda tana cikin littafinta ba dangwale.

Katafila ta zo da sanyin safiya bayan wata biyu, da 'yan sanda a mota. An ba mu lokacin fitar da kaya. Laka ba ta da gardama, tura ɗaya ɗakin Inna ya durƙusa, ƙura ta tashi, sai ga shuɗin bangon ciki a fili kowa yana gani. Makwabta masu lamba suna tsaye a ƙofofinsu, wasu suna kuka, wasu sun kasa haɗa ido da mu. Baffa bai fito ba. Aka loda mu a babbar mota tare da wasu gidaje da ba a ƙidaya ba, aka yi ta tafiya har gine-gine suka ƙare, aka sauke mu a wani fili da babu ko inuwar tsuntsu. Nan ne inda nake zaune yau nake wannan rubutu, ko da yake gari ya daɗe da cim mana.

Baba ya sauko da ƙyar, ya duba gabas da yamma, ya ce, "Alhamdu lillahi. Matafiyi dama ba ya rasa tashi."

Auta tana zaune a kan ƙullin kaya da littattafanta a cinya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, yamma aka kawo mu. Makka tana gabas."

Baba ya zauna a kan gadon da aka ajiye a tsakiyar fili, ya yi tagumi, a ranar na fara ganin tsufansa. Daga wurin zuwa makarantar Auta mota uku ce, ta farkon ma sai an yi tafiyar sa'a a ƙafa kafin a same ta. Ban sani ba a lokacin cewa ba za ta ƙara sa kayan makaranta ba, ba za ta zauna jarrabawar shahada ta gama sakandare ba, kuma Alƙaliya zai zama sunan da ba mai iya kiranta da shi.

Kafin magariba, muna kafa itace muna ɗaura buhuna don mu samu abin fakewa, ta nuna mini wani tanti can nesa da haɓa. Ta ce a nan ake rubuta waɗanda aka zubar. Ta ce ba dole sai namiji ba, duk baligin da yake ciyar da gida kanun ya yarda ya ba da sunansa. Na ce to mu je tare. Ta ce, "Ni na gama da layi, Yaya." Ta ci gaba da ɗaurin buhu.

Da gari ya waye na hura wuta da guntayen itacen rufinmu, na ɗora ruwan shayi, na ce da Baba zan je neman inda ake sayar da ruwa. Na tafi tantin. Layin mata ya fi na maza tsawo, na tsaya har rana ta taka. Da aka zo kaina na ba da sunana, ba na Baba ba. Aka ce tun yaushe? Na ce tun jiya. Aka kama babban yatsana aka danna a tawada, aka danna a littafi. A hanyar dawowa na goge shi da yashi, na goge da bakin mayafi, shuɗin ya ƙi fita. Na sake ɗumama shayin na kai wa Baba, na miƙa masa da hannun dama yadda aka koya mini. Ya kalli yatsan, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Uwata, ƙonewa kika yi?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya karɓi kofin ya sha.